Mun biya an koya mana tsayar da magana ba da ƙuri'a ba: abin da na gani a ƙungiyarmu ta Farin Gada

Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar gama kai ta mata 'yan kasuwa a nan Jos. Mu talatin da 'yan kai ne. Yawancinmu dankalin Turawa muke sarowa daga Bokkos da Mangu, wasu kuma kabeji da karas da koren wake, kuma a kasuwar Farin Gada harkarmu ta fi ƙarfi. Kafin fitowar dankalin damina na 2024 muka ɗauko wata mata mai ɗan ofishi a cikin gari, wadda sana'arta ita ce jagorantar taro da koya wa ƙungiyoyi yadda za su riƙa tsayar da magana da yardar kowa, ba da ɗaga hannu ba. Tun daga lokacin matan wasu ƙungiyoyi ke tare ni suna tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya. Amma akwai wuraren da aikinta ya gaza, ɗaya daga ciki har yau yana ci mini rai, shi ya sa zan sakaya sunanta da na ofishinta in faɗi komai yadda ya faru.

Ƙuri'a ce ta kai mu ƙofarta. Da can idan magana ta taso, masu murya su yi ta yi har su gaji, sai Hajiya shugaba ta ce to a ɗaga hannu. Waɗanda suka yi rinjaye su tafi gida da murna, sauran su tafi da abu a rai. Wata mai zuwa sai zubin wasu ya makara, wata ta aiko 'yarta da uzuri, wata ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ni ke riƙe da littafi, don haka a rubuce nake ganin abin: duk watan da aka kaɗa ƙuri'a mai zafi, shafin zubin watan da ke biye sai ya yi giɓi. Ga kuma abin da duk ɗan Jos ya sani ko da ba a faɗa ba. A cikinmu akwai matan Anguwar Rogo da Rikkos da Gangare, akwai na Tudun Wada da Bukuru. Akwai Hausawa da Birom da Angas da Maghavul, Musulmi da Kirista. A garin da ya ga 2001, ya ga 2008, ya ga 2010, idan hannuwa suka tashi a ɗaki ba ƙirga su kawai ake yi ba, ana duba hannun wa ya tashi tare da na wa. Maganar direban da za mu riƙa ba lodi ce ta kusa raba mu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota daga Bokkos ya fi ƙarfin mace ɗaya, dole sai an haɗa lodi. Aka kawo sunayen direbobi biyu, aka ɗaga hannu, sai ɗakin ya tsage daidai inda kowa ke tsoro. Babu wadda ta nufi haka, kowacce wanda ta sani ta zaɓa. Amma bayan taron an daɗe ana gaisuwa sama-sama.

Abin da muka saya a hannunta kashi uku ne: zaman koyarwa, sai ta jagoranci taronmu na gaske a kan matsalar da ke gabanmu, sai kuma ta nuna mana yadda ake zaɓen mutum kan aiki ta wannan hanya. Kuɗin ya kusa cinye zubin wata guda na ƙungiya baki ɗaya. Ban da shi, mu muka biya ajin makarantar da muka zauna a ciki, mu muka sayi ruwa, mu muka ba yaronta kuɗin Keke. Ba ta faɗa mana waɗannan ƙananan ba sai da aka gama ciniki, kuma ma'ajinmu ba ta ji daɗin hakan ba.

A zaman farko ta ba mu tarihin abin a taƙaice, kuma na yaba da ba ta nuna kamar ita ta ƙirƙiro ba. Sunan tsarin sosiyokirasi, daga ƙasar Holan ya fito. Wani malami mai suna Kees Boeke, ɗan ɗariƙar Kiristocin nan da ake kira Quaker waɗanda ba sa kaɗa ƙuri'a a taronsu, ya buɗe makaranta a garin Bilthoven a 1926, inda yara da malamai ke zama tare su tsara al'amuran makarantar. Ɗaya daga cikin yaran da suka yi karatu a wurin, Gerard Endenburg, ya zama injiniya, ya karɓi kamfanin aikin lantarki na iyayensa a birnin Rotadam, kuma a shekarun 1970 ya tsara hanyar ta yadda za ta yi aiki a wurin neman kuɗi. Labarin da ya fi kama matanmu shi ne na 1976, lokacin da aikin ƙera jiragen ruwa da kamfanin ya dogara da shi ya karye, shugabanni suka yanke a sallami ma'aikata 60. Wani ma'aikaci na ƙasa ya ce yana da ja, ya kawo shawarar a tura mutanen su nemo wa kamfanin sababbin ayyuka kafin a sallame su. Tsarin ya ba maganarsa hanyar isa sama, aka gwada, kuma yawancinsu suka tsira da aikinsu.

Hajiya shugaba ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malama, ai mu shura muka gada, ba sai Bature ya koya mana shawara ba." Amsar da matar ta bayar ita ce ta sa na fara sakin jiki da ita. Ta ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya ne. Ban kawo muku shawara ba, kuna da ita. Abin da na kawo shi ne wa zai yi magana, yaushe, kuma wace tambaya za a yi masa." Haka abin yake kuwa.

Matsalar da muka ajiye a gabanta ita ce ta sito. Filato ce ke noma mafi yawan dankalin Turawan ƙasar nan, kuma idan na damina ya fito wajen Yuli da Agusta kasuwa cika take, farashi ya faɗi warwas. Mai wurin ajiya ce ke cin riba bayan 'yan makonni. Mun daɗe muna maganar kama sito ɗaya na haɗin gwiwa kusa da kasuwa, kullum a tashi baram-baram. Malama ta sa mata uku suka zauna tun kafin taro suka rubuta ƙuduri gajere, layi biyar: ga siton, ga kuɗin haya, ga yadda za a raba shi, ga wadda za ta karɓi kuɗi. Ta ce taron mutum talatin ba ya rubuta ƙuduri, gyara shi yake yi.

Ranar taron ta sa aka janye benci aka yi da'ira. Aka karanta ƙudurin sau biyu. Zagaye na farko na tambaya ne kawai, abin da mace ba ta gane ba. Nan ne na fara ganin ƙwarewarta, don matanmu ba su saba ba. Wata za ta fara da "ni tambayata ita ce", sai ta zarce da ra'ayinta. Malama sai ta ɗaga tafin hannu cikin ladabi ta ce, "Anti, riƙe mana wannan, lokacinsa na zuwa. Akwai abin da ba ki gane ba a takardar?" Ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta kuma kunyata kowa ba. Zagaye na biyu na jin ta bakin kowa ne, jimla ɗaya ko biyu, ba a katse mai magana, ba a mayar mata da martani. Ita ma Hajiya sai da layi ya zo kanta. Zagaye na uku shi ne zuciyar abin. Ba a tambayar ko kina so. Tambaya biyu ake yi: wannan ya isa mu fara da shi a yanzu? Idan muka gwada, akwai cutarwar da kike hangowa ga abin da ya tara mu? Wadda ba ta hango ba ta ce ba ni da ja, ko da a ranta ta fi son wani siton. Wadda ta hango ta ce ina da ja, ta faɗi dalili, kuma ba a wucewa sai an gyara ƙudurin ya ɗauke wannan dalilin.

Wannan bambancin ne ya sauke mana nauyi. Da muna ganin ko dai a bi rinjaye, ko kuma sai bakin kowa ya zo ɗaya, wanda a taron mata talatin ba ya faruwa. Ashe akwai fili mai faɗi tsakanin abin da mutum ya fi so da abin da ba zai iya zama da shi ba, kuma yawancin shawarwari a cikin wannan filin suke faɗawa.

Sai dai tsarin a ƙasar da yaro ke iya ce wa babba a'a ido da ido aka gina shi. Mu ba haka muke ba. A ƙungiyarmu akwai uwar miji da surukarta, akwai wadda ke bin wata bashi, akwai wadda a rumfar wata take raɓe. Ɗaya daga cikin matan ukun da suka rubuta ƙudurin ita ce uwar mijin. Ta yaya surukar za ta buɗe baki a gaban jama'a ta ce tana da ja a kan takardar Iya? Shirunta kuwa da an ƙirga shi a yarda. Malama ta gane wannan tun a zaman farko, daga kallon yadda muke zama da wadda ke sunkuyar da kai idan wata na magana. Abu biyu ta yi. Ta juya zagayen ya fara daga ƙananan shekaru ya ƙare kan manya, don kada yarinya ta ji bakin babba ta bi. Sannan ta cire sunan marubutan daga takardar, ta ce daga lokacin da aka karanta shi ƙudurin na ɗaki ne, ba na kowa ba.

Da layi ya zo kan surukar, ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Malama ba ta ce mata kin yarda ko ba ki yarda ba. Ta ce, "Ƙanwata, a ce yau wata uku da kama siton nan, an kira ki an ce abu ya lalace. Me kike ganin ya lalace?" Yarinyar, wadda a gonar dankali ta tashi a wajen Mangu, ta ce a hankali, "Ƙasan siminti ne, rufin kwano, taga ɗaya ce kuma tana kallon rana. Idan aka jibge buhu a ƙasa zai yi gumi. Na kusa da taga zai yi kore. Buhu ɗaya ya ruɓe, na kusa da shi ya kama. To asarar ta wa ce?" Ɗakin ya yi tsit. Duk mun san dankali duhu yake so da sanyi da iska, mun san wanda ya yi kore yana ɗaci kuma ba shi da kyau a ci. Amma a duk tsawon lokacin da muka yi muna kai ruwa rana kan kuɗin haya, babu wadda ta tambayi asarar ta wa ce. Iya da kanta ta juyo ta ce, "Gaskiyar yarinyar nan." A nan take aka gyara: za a sayo katako daga kasuwar Katako a yi dandamali buhu ya tashi daga ƙasa, a rufe tagar da buhun algarara a huda wata ta iska a bayan ɗaki da izinin mai shi, kowace mace ta yi wa buhunanta alama da fenti, haya a raba ta bisa yawan buhu, asara kuma ta mai buhu ce sai in ruwa ne ya zubo daga rufi. Aka sa wa'adin wata uku, aka rubuta ranar da za a dawo a duba. Wannan wa'adin ya taimaka ƙwarai. Mata da yawa da ke ɗari-ɗari sun saki ne don sun san ba auren dindindin aka ɗaura ba.

Idan da a nan labarin ya tsaya da na ce ku je ku ɗauke ta ido rufe. Amma a wannan zagayen dai wani abu ya faru da ban ji daɗinsa ba.

Muna da wata dattijuwa 'yar Birom, Ngo muke ce mata, gwauruwa ce, ta fi kowa daɗewa a sarin dankali a cikinmu. Da aka zo kanta ta ce tana da ja. Aka ce mene ne. Ta ce, "Hankalina bai kwanta da mai siton nan ba." Malama ta ce, "Mama, me ya yi?" Ngo ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba. Malama ta sake tambaya ta wata fuska, Ngo ta maimaita maganarta ta kawar da kai. Sai Malama ta yi mana bayani cewa a wannan tsarin ja sai da dalilin da sauran mutane za su iya fahimta, wanda kuma ya shafi manufar ƙungiya. Abin da ba shi da dalili ana rubuta shi a matsayin damuwa, ba ya tsayar da ƙuduri. Ta ce in rubuta damuwa. Aka wuce. Ngo ba ta sake cewa uffan ba har aka tashi.

Da muka fito, a bakin titi muna jiran Keke, Ngo ta kama hannuna ta ce, "'Yata, mutumin nan ya taɓa fitar da wata mata da kayanta a tsakiyar shekara, da ya sami wanda ya ƙara masa kuɗi. A gabana aka yi." Na ce, "Ngo, me ya sa ba ki faɗa a ciki ba?" Ta ce, "Ƙanin mijin wance ne. In tona masa asiri a gabanta?" Dalilinta ya fi na kowa nauyi a ɗakin nan, kara ce ta hana ta faɗa. Washegari na kai maganar ga Hajiya, muka nemi mai siton ya sa hannu a yarjejeniya a rubuce, da shaidu biyu da mai unguwa. Sai da ya yi ta zillewa kafin ya sa, wanda hakan kaɗai ya nuna Ngo ba ta yi magana a banza ba.

Na daɗe ina tunanin wannan. Ƙa'idar cewa ja sai da dalili tana da amfani, don in babu ita mace ɗaya mai taurin kai za ta iya riƙe ƙungiya shekara guda. Amma ƙa'idar ta fi yi wa mai iya baki daɗi. Wadda ta yi boko, wadda ta saba tsara magana ɗaya, biyu, uku, janta zai wuce. Tsohuwar da saninta a jikinta yake, ko wadda dalilinta ya taɓa mutuncin wani, sai a rubuta mata damuwa. Kuma wa ke yanke cewa wannan ja ne wancan damuwa ce? Mai jagorantar taro. Wato ikon da aka ce an karɓe daga hannun masu rinjaye, wani kaso nasa yana komawa hannun mai riƙe da alli. Matar da ta iya gane kunyar suruka ya kamata ta gane karar dattijuwa. Da ta ce a ɗan huta minti goma, ta ja Ngo gefe ko ta tura ni, da magana ta fito. Ina ganin agogo take kallo, don la'asar ta yi nisa. Da na kira ta na faɗa mata, ba ta yi musu ba, ta ce za ta kiyaye. Mu kuma muka sa wa kanmu doka: duk wadda ta ce tana da ja amma ba za ta iya faɗin dalili a fili ba, tana da damar zaɓar mata biyu ta faɗa musu a keɓe, su kuma su dawo su ce wa ɗaki ko maganar ta isa a dakata. Wannan ba ya cikin abin da aka koya mana, kuma shi ne gyara mafi amfani da muka yi.

Zaɓen mai riƙe makullin sito ya tafi lafiya fiye da yadda na zata. Ba a tsayawa takara. Da farko aka fayyace aikin: mai zama kusa, mai iya fitowa da asuba lokacin da motoci ke isowa, mai iya rubuta shiga da fita. Kowacce ta rubuta sunanta da sunan wadda take ganin ta dace a 'yar takarda. Masu ajami suka yi da ajami, waɗanda ba sa rubutu suka raɗa wa yaron Malama. Sannan aka bi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta faɗi dalilinta a gaban wadda ta ambata. Bayan an ji dalilai aka sake zagayawa, mai son canzawa ta canza. Daga nan Malama ta gabatar da suna ɗaya bisa ƙarfin dalilai, ba bisa yawan takardu ba, aka tambayi ko akwai mai ja, ita wadda aka ambata aka tambaye ta a ƙarshe. Abin da ya taɓa ni shi ne jin wata Hajiya daga Gangare tana yabon amanar wata 'yar Angas daga Tudun Wada, tana ba da labarin ranar da ta yi mantuwar kuɗi a rumfarta lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ta biyo ta da su har gida. Shekara da shekaru muna tare ba mu taɓa jin wannan ba. Ita aka ba makullin. Amma in faɗi gaskiya, akwai mata biyu da suka sa rai, babu wanda ya ambace su ko sau ɗaya, kuma a fili aka yi. Ƙuri'ar asiri tana rufa wa mutum wannan asirin. Malama ba ta shirya mu don wannan ba.

Akwai kuma maganar doka, wadda mai karɓar kuɗi a kan irin wannan aiki bai kamata ta tsallake ba. Ƙungiyarmu tana da rajista. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993 ta ba kowane memba ƙuri'a ɗaya, kuma dokokinmu na cikin gida da muka miƙa lokacin rajista sun ce da rinjaye ake zaɓen shugabanni a babban taron shekara. Malama ba ta nemi ganin takardunmu ba ko sau ɗaya. Ma'ajinmu ce ta ɗago maganar. Abin da muke yi yanzu shi ne, duk abin da doka ta ce sai da ƙuri'a, mu fara dafa shi ta hanyar zagaye har ja ya ƙare, sannan a ɗaga hannu in rubuta adadi a littafi.

Kashin koyarwar da ya shafi raba ƙungiya zuwa ƙananan da'irori, wato ƙananan kwamitoci, a gurguje ta yi shi. Ta ce mu yi ta sufuri, ta sito da ta kuɗi, kowacce da ikon yanke abin da ke hurumin ta, kuma kowacce ta haɗu da uwar ƙungiya ta hanyar mutum biyu, ɗaya da aka turo daga sama, ɗaya da 'yan da'irar suka zaɓa. Na gane hikimar, don labari ya riƙa hawa yana sauka ba ta baki ɗaya ba. Amma mu mata ne masu rumfa da yara da girki, ba mu da mutum shida da za su ƙara wani taro a kan wanda ake yi. Da'irorin muna amfani da su, wakilai biyun kuwa a ta kuɗi kawai muka iya riƙewa.

Takardun da ta raba mana da Turanci suke, alhali duk zaman da Hausa aka yi shi, kuma fiye da rabinmu ba sa karanta Turanci. Ni na zauna na mayar da matakan zuwa Hausa a kwali, muka manna a bangon sito. Yaronta ya zo a makare ranar babban taron, shi ke ɗauke da allo da takardu, don haka zaman da aka ce za a fara bayan azahar sai da ya kai gab da magariba, matan Bukuru suka tashi kafin a rufe. Su ma yardarsu ta waya na karɓa daga baya, wanda ba haka tsarin ya ce ba. Ko da babu makara, zagaye uku na mata talatin yana cin lokaci, kowa ya san wannan kafin ya shiga. Mun koyi kada mu kawo ƙananan abubuwa babban taro. Launin ankon biki ba ya buƙatar zagaye uku.

Ranar da wa'adin wata uku ya cika mun so ta zo ta jagoranci dubawar, sai ta ce wannan sabon aiki ne da sabon kuɗi. Muka yi da kanmu, ni na riƙe zagayen. An sami ruɓa a kusurwar baya inda rufi ke ɗiga, kuma da yake an riga an rubuta asarar ta wa ce, ba a yi cacar baki ba, ƙungiya ta biya mai buhunan, aka cire daga hayar da za a ba mai siton kamar yadda yarjejeniya ta ce. Mata biyu suka ce su sun fi son ajiya a gida, suka janye buhunansu ba tare da sun bar ƙungiya ba. Sauran suka sabunta har zuwa fitowar dankalin rani. Maganar direbobi ma ta wannan hanyar muka sake buɗe ta, aka ƙare da ba su lodi bi da bi, kowanne da ranarsa.

Ƙungiyar da za ta amfana da ita ita ce wadda ke da kuɗi ko kaya a tsakani, mutanenta suka san juna, kuma suka san abin da ya tara su. In babu manufa ɗaya a fili, ba a iya auna ja da komai. Taron unguwa na mutum ɗari biyu ko ƙungiyar da shugabanta bai shirya jiran layi ba, kada su ɓata kuɗinsu. Masu niyyar ɗaukarta su zauna da ita tun farko su rubuta: takardu da Hausa, ta karanta dokokin ƙungiyarku kafin ta zo, kuɗin wuri da na yaronta a cikin jimla, kuma zuwanta ranar dubawa ya shiga cikin cinikin. Ku nemi ta horar da mutum biyu daga cikinku su riƙe zagaye a gabanta tana gyara musu, don ranar da ba ta nan ce ta fi yawa. Sannan ku gaya mata tun kafin taro su wa ke jin nauyin su wa a cikinku, wa ke bin wa bashi, wa ke auren ɗan wa. Ba za ta tambaya ba.

A yanzu ƙudurin da ke gabanmu na karɓar 'yan dako biyu ne, maza, su zama membobi masu zubi. An yi zagaye, ja biyu suka fito, ɗaya a kan dokar rajistarmu da ta ce ƙungiyar mata ce, ɗaya kuma an faɗe shi a keɓe ga mata biyu, suka dawo suka ce a dakata. An mayar da takardar ga da'irar kuɗi ta gyara, za a sake karanta ta a taron farkon wata.